Tafintan da Aka Ce Ya Sauke Hannu

Shekara biyar na yi ina buga tafireta a Ofishin Daidaita Haƙƙin Jama'a da ke Tarauni, kuma har yau in na ji wani ya ce ofishin nan bai tsinana wa kowa komai ba, sai raina ya ɓaci. Ba don shugabanninmu ba, Allah ya sani. Don Malam Isyaku ne.

Malam Isyaku haifaffen Gyaɗi-Gyaɗi ne. Mahaifiyarsa kurma ce, don haka maganar hannu ya fara iyawa kafin ta baki. Yakan ce da hannu aka yi masa faɗa, da hannu aka lallashe shi. Da ya tasa sai ya koyi gyaran rediyo, ya kafa ɗan tebur a bakin titi, amma rabin yininsa ba a teburin yake yi ba. Kurma zai kai ɗansa asibiti, a zo a ɗauki Isyaku. Kurma ya yi rigima da mai gidan haya, Isyaku. Har ɗaurin aurensu shi ne a tsakiya. Matarsa ta yi mita ta gaji ta haƙura. Mutum ne da za ka zauna da shi awa guda ba ka ji kalma goma ba, amma in ya haɗu da mutanensa kurame, sai ka ga fuska ta buɗe, hannuwa na tafiya, suna ta dariya mu muna kallo kamar baƙi.

Da sojoji suka sauka aka dawo mulkin farar hula, sabuwar gwamnati ta buɗe ofishinmu, wai don naƙasassu da mata da baƙi mazauna gari su sami inda za su kai kuka in an nuna musu bambanci. Ɗaki uku ne a saman bene. I, saman bene, ofishin da aka buɗe don guragu! In gurgu ya zo, mu muke saukowa mu saurare shi a gindin matakala. A nan aka ɗauki Malam Isyaku aikin tafinta, ni kuma Uwani aka ba ni tafireta.

Abu ɗaya ya sa a gaba. A da, in shari'a ta haɗa da kurma, dangi ne ke yi masa magana, kuma sau da yawa da dangin ne ake rigimar. Shekara biyu yana zarya a kan tsohon babur ɗin ofis, daga wannan babba zuwa wancan, har aka fitar da takarda zuwa kotuna: in akwai tafinta mai wasiƙa da hatimin ofishinmu, shi kaɗai zai yi magana da yawun kurma, ba wani ɗan kan titi da aka ɗauko ba. Sai in babu shi ne za a koma ga dangi. Ranar da takardar ta fito ƙosai ya saya mana duka. Ni nake buga masa wasiƙar duk lokacin da zai je kotu, kuma ban taɓa gajiya ba.

A shekara ta huɗu aka fara zaftare mana kasafi. Man babur ya fara ɗaukewa, sai waya, sai takarda. Malam Isyaku ya koma hawa acaɓa daga aljihunsa. Sai kuma muhawara ta ɓarke a rediyo. Wani ɗan majalisa ya ce ofishin kwaikwayon Turawa ne, mu nan kowane kurma yana da dangi, wa ya fi ɗan'uwanka sanin abin da kake so? Masu bugo waya suka yi ta cewa wurin cin banza ne kawai. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba duka ne ƙarya ba. Shugabanmu ba abin da ya iya sai taron bita a otal, a raba jaka da hula, a ɗauki hoto. Amma a duk surutun nan ba wanda ya ce a je a tambayi kurma ko ɗaya. To, su da ba sa jin rediyo, ina za su bugo waya?

Aka rufe ofishin, aka karɓe hatimi, aka watsa mu. Ni aka kai ni wurin ajiye fayil, shi kuma aka tura shi gadin wani sito na karyayyun kujeru. Takardar kotu kuwa ba wanda ya tuna da ita, balle a janye ta.

Bayan wata shida maganar Rabi ta taso. Rabi kurma ce, ta kai shekara arba'in, tana ɗinki a ɗakin ƙofar gidan mahaifinta a Gyaɗi-Gyaɗi. A ɗakin take kwana, a nan kekenta yake, kuma matan unguwa sun iya nuna mata irin ɗinkin da suke so ba tare da tafinta ba. Da mahaifin ya rasu, yayanta Shehu ya samo mai sayen gidan gaba ɗaya, zai rushe ya yi shaguna. Rabi ba ta hana kowa sayar da nasa ba. Ita dai a yanke mata ɗakinta a matsayin rabonta, kuma rabon nata ya kai. Magana ta je gaban alƙali, ita kuma ta tafi sito ta sami Malam Isyaku.

Ya zo gidana ya ce ko da sauran takarda mai ɗauke da sunan ofis. Akwai guda ɗaya a akwatina. Na buga masa wasiƙar kamar yadda na saba, ba hatimi, muka ce Allah ya sa a dace. Ranar shari'a na bi su.

Lauyan Shehu bai ɓata lokaci ba, ya ce ofishin da ya rubuta wasiƙar nan babu shi a duniya. Alƙalin ba mugu ba ne, ya san Malam Isyaku. Ya juya takardar, ya sake juyawa.

“Malam Isyaku, ai kai ka kawo mana dokar nan. Ba hatimi, ba tafinta.”

Malam Isyaku ya roƙa a rantsar da shi, ko a ɗaga zaman. Lauya ya ce mai saye ba zai jira ba, kuma ga yayanta uwa ɗaya uba ɗaya a zaune. Alƙali ya ce Shehu ya matso ya yi mata tafinta.

Rabi ta miƙe ta yi bayani. Ni da na tsinci maganar hannu kaɗan a ofis na gane ɗaki, na gane keke, na gane a'a, sau uku ta yi ta. Ta daɗe tana yi, a natse, ba hayaniya. Da ta gama, Shehu ya gyara hula ya ce ta ce ta yarda a sayar, a ba ta nata.

Malam Isyaku ya tashi tsaye, hannuwansa a sama, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, wallahi ba haka ta ce ba.”

Alƙali ya ce ba ya cikin shari'ar, ya sauke hannu ya zauna, in ya ƙara za a tsare shi don raina kotu. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ga 'ya'ya bakwai. Ba zan ce ga abin da ya kamata ya yi ba, don ni ma ina wurin, bakina a rufe. Ya zauna, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa.

Ita kuwa Rabi ta ga ya tashi, ta ga bakinsa ya motsa, ta ga alƙali ya amsa. A saninta, in Malam Isyaku ya yi magana, magana ta isa inda aka aike ta. Da aka miƙo takarda, da murmushi ta dangwala yatsa.

A waje ta zo da saurinta tana yi masa godiya. Ya tsaya ya gaya mata, bai rage komai ba, har da zaman da ya yi. Ta bi hannuwansa da ido har ya kai ƙarshe. Da ya ɗaga su zai ba ta haƙuri, sai ta ja mayafinta, ta juya fuska ga bango. Ya zagaya ta gabanta, ta rufe ido.

Ya daɗe a tsaye da hannuwa a ɗage, mutane na wucewa suna kallonsa. Ni na ce masa, Malam, mu tafi, ba za ta buɗe ba.