Farar Karfasar Hansai

Wata Asabar da hantsi, a bazarar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Kawu Ila ya shigo gidanmu da bokiti rataye a hannun kekensa, ruwa yana ta fallatsa masa a wando. Ƙanin Innarmu ne, yana noman rani a gefen hanyar ruwan da ta taso daga dam, can wajen Bagwai. Ya ce yana cikin ban ruwa sai ya ga 'yan kifi sun biyo ruwan sun maƙale a fangalin albasa, ya kwaso su kafin rana ta gasa su. Muka leƙa. 'Yan karfasa ne, ba wadda ta kai tsawon yatsana, masu ruwan toka da ratsi-ratsi, sai guda ɗaya fara sol, har ana hango jan jini ta gefen kanta. Ni da na fi kowa zaƙewa na miƙa hannu, amma Kawu ya kewaye ni ya dire bokitin a gaban ƙanwata Hansai, wadda ke zaune a gindin darbejiya, ya ce, "Ke na kawo wa."

Hansai zabiya ce. Fatarta fara tas, gashinta kamar gemun masara, idonta ba ya son rana, kuma sai ta kawo abu dab da hancinta take ganinsa da kyau. A gida ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, mu dai mun san Hansai ce mai son ƙanzo da tsoron agwagwa. Makaranta ce ta koya mata cewa ta fita daban. An zaunar da ita can baya kusa da taga, inda rana ke dukanta kuma ba ta ganin allo, yara suna bin ta da waƙar Baturiyar gona har ƙofar gida. Ni kuwa a lokacin faɗa ne sana'ata, na yaga rigunan 'ya'yan mutane ba adadi a kanta, amma duk a banza. Wata rana ta cire hijabin makaranta ta cusa a ƙarƙashin tabarma, ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma ba. Inna ta yi faɗa, Baba ya yi lallashi, har dai ya gaji ya ce idan aka dawo hutu ba ta je ba, to shi ke nan, ya cire bakinsa, ta zauna a gida. Hutun nan muke ciki da kifin suka zo.

Akwai wata tsohuwar randa da bakinta ya fashe, aka jingine ta bayan rumbu kaji suna ƙwai a ciki. Muka kori kajin, muka mirgino ta gindin darbejiya, muka zuba yashi da 'yan duwatsu, muka cika ta da ruwan rijiya. Daga ranar aikina ya ƙaru. Bayan shara da wanke-wanke da kai wa tumaki harawa, sai na je na fasa shurin gara na kwaso musu, ko na faki idon Inna na ɗebo dusar awaki. Hansai ce mai gadi. Ta kori kyanwa, ta kori akuya mai neman shan ruwa, da magariba ta rufe randar da faifai ta ɗora dutse. In muka fita dandali wasan gaɗa da carafke, ita tana nan durƙushe, hancinta kusan yana taɓa ruwa.

Ba a jima ba ta ga abin da na so a ce ba ta gani ba. Masu ruwan tokar suna yawo tare, in ɗaya ta juya duk su juya, farar kuwa kullum tana raɓe a gefe. Akwai wani ƙato a cikinsu mai jan ciki, shi ya sa muke kiransa Jan Ciki, ya tona ɗan rami a yashi kusa da babban dutse. Da zarar farar ta gifta sai ya taso mata, ya bi ta da cizo har wutsiyarta ta fara tsagewa. Ina tankaɗen gari wata yamma Hansai ta ce, ba ta ma ɗago kai ba, "Yaya, don ta fita daban ne ba sa son ta. Har kifi ma." Na saba rama mata da duka, amma wa zan daka a cikin randa? Ranar ko ƙanzon da take so ba ta ci ba, ni ma zuciyata ta ɓaci matuƙa.

Dabarar da ta zo mini, har yau in an tuna ta a gidanmu sai an yi dariya. Inna tana da ƙullin shuni da take sa wa fararen kayan Baba na Juma'a. Na yi lissafi irin na 'yar aji biyar: tunda shuni yana mayar da farin yadi shuɗi-shuɗi, in na zuba a randa kowa zai zama kala ɗaya, Jan Ciki ya rasa wa zai ci zali. Na jira Inna ta shiga maƙwabta barka, na kwance ƙullin na kaɗa. Ruwa ya rine. Masu ruwan tokar suka ƙara duhu har ba a ganinsu, farar kuwa ta fito fes kamar wata a tsakiyar sama. Wato na ƙara tona mata asiri ne kawai. Inna ta dawo ta gan ni da hannu shuɗi har gwiwa, ta yi salati, ta ce, "Talatu, kifin ma sai kin yi musu wanki? Maza ki zubar kafin ki kashe wa yarinya dabbobi."

Muka kwashe su a bokiti, na kifar da randar na wanke ta tas, na sake yashi, na jefa duwatsun yadda suka ga dama. Hansai ta ɗauko wani guntun kasko ta kifa a ciki, wai ko farar za ta sami wurin ɓuya, kuma farar ta fara mayarwa cikin randar don tausayi. Kafin mu gama kamo sauran, farar ta shige ƙarƙashin kaskon ta gyara zama. Da Jan Ciki ya dawo sai ya tarar babu raminsa, babu dutsensa, ya yi ta kewaye kamar baƙo a tasha. Ya doshi kaskon, ai kuwa farar ta fito ta gabza masa ɗaya a gefe, ya arce. Ya sake dawowa, ta sake korarsa. Duk wadda ta matso, babba ko ƙarama, haka ta yi mata. Hansai ta daɗe tana kallo, can sai ta fashe da dariyar da rabona da jin ta tun kafin ta shiga makaranta. Ta ce, "Yaya, ashe wuri suke faɗa a kai. Kuma wallahi tawa ma muguwa ce."

Ranar da aka koma makaranta, ita ta tashe ni. Ta zaro hijabin daga ƙarƙashin tabarma duk ya yamutse, ta ɗora malafar da Kawu ya saƙa mata, ta ce mu yi sauri kafin kowa ya zo. Muka tarar da ajin ba kowa. Ta wuce kai tsaye bencin gaba, gefen da babu taga, dab da allo, ta zauna ta rungume jakarta. Wani yaro ya zo ya ce wurinsa ne. Na fara naɗe hannun riga, sai na ga ta ɗago ta ƙura masa waɗannan idanun nata masu rawa, ta ce, "Na riga ka." Ya yi tsaye, ya gaji, ya koma baya. Ba zan ce an daina yi mata waƙa daga ranar ba, an daɗe ana yi, kuma ta sha kuka. Amma hijabin bai sake komawa ƙarƙashin tabarma ba. Da damina ta sauka kifin suka fi ƙarfin randa, Kawu ya mayar da su ruwa, Hansai ce ta saki farar da hannunta.

Yanzu ina aure a Bacirawa. Kwanaki na kai ɗana asibiti, a ɗakin jira na ga wani akwatin gilashi mai fitila da injin kumfa, cike da kifaye masu faɗi kamar faifai, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, aka ce sunansu diskas. Jajayen sun taru a gefe guda, wani shuɗi yana bin wani da cizo. Yaron ya tambaye ni ko kala ce ke haɗa su faɗa. Ban sani ba, wataƙila a wajensu kala tana da nata tasirin, masu ilimin abin su za su faɗa. Na kira Hansai, wadda yanzu take koyarwa a makarantar nan tamu, na ba ta labari. Ta ce in duba in ga wa ya riga kama wuri, ta kuma roƙe ni don Allah kada in zuba wa mutane shuni. Na duba ɗakin, kowa kansa na kan waya, ba wanda ya durƙusa ya kalli kifin nan masu tsada yadda aka kalli 'yan karfasarmu a fasasshiyar randa. An sare darbejiyar, Kawu Ila ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Har ya bar duniya ban tambaye shi ba ko da gangan ya tsamo farar.