Haruffa Ukun da Na Sauya a Wasiyyar Babanmu

A lokacin ina saurayi, na gama difloma ba aikin yi, sai girman kai na cewa duk gidanmu a Ƙofar Wambai babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta. Da ciwo ya ci ƙarfin Baba, ni autansa ya sa na ɗauke shi bidiyo yana wasiyya cewa ya bayar da gonarsa ta Tirwun a gina Islamiyya. Na juye bidiyon a kwamfutar Yayana, wayar kuma daga baya aka zare min ita a keke. Bayan rasuwar Baba masu yanka filaye suka fara zaryar gonar, ni kuwa kwaɗayin kasona na kuɗin gonar ya rufe min ido.

Goge bidiyon na so yi, wallahi hannuna ya kasa, muryar ubana ce. Sai na ɓullo da wata muguwar dabara. Kowane fayil yana da 'yan haruffa bayan ɗigo a ƙarshen sunansa, su ke gaya wa kwamfuta ko hoto ne, ko rubutu, ko bidiyo. Na share mp4 na rubuta txt. Kwamfutar ma sai da ta gargaɗe ni cewa fayil ɗin zai iya ƙin buɗuwa, na danna mata e.

Ranar rabon gado baffanninmu suka cika zaure. Yaya ya danna fayil ɗin, sai ga tarkacen rubutu kamar kaji sun yi tono. Wani baffa ya tuntsire da dariya, ya ce dama ƙarya Yaya ya shirya don ya haɗiye gona da sunan makaranta. Yaya ya juyo gare ni idonsa jawur. Na ce ni waya kawai na riƙe, ban riƙe maganar ba, amma ai makon jiya wani mai gyaran kwamfuta a unguwar Wunti ya canza wa kwamfutar allo. Ni na faɗi haka, da bakina.

Yaya mutum ne mai zuciya, ni ma na sani. Ya suri kwamfutar, na bi shi. Muna isa shagon mai gyaran ko sallama bai yi ba, ya shaƙo wuyan mutumin, dattijo mai furfura, ya maka shi da kantar shagon. Gilashi ya tarwatse. Ya yi ta dukansa yana tambayar wa ya saye shi ya kashe maganar mamaci. Mutumin na cewa ɗana tsaya, ɗana ka saurare ni, Yaya ya ɗauki benci ya sauke masa a hannun dama, ƙas, kowa ya ji ƙarar ƙashin. Teloli da 'yan acaɓa suka yi ca, da ƙyar aka ɓamɓare Yaya daga jikinsa. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, tare ƙofa na yi wai kada dattijon ya gudu.

Dattijon yana zaune a ƙasa jini na zuba daga bakinsa, ya ce a miƙo masa kwamfutar. Da hannun hagu ya duba sunan fayil ɗin, ya share haruffana uku, ya mayar da na asali. Ko minti ɗaya bai yi ba. Sai muryar Baba ta cika shagon, tana rawa, yana bayar da gonar, a ƙarshe yana cewa ya sa autansa ya ajiye maganar ne domin yaron ba ya cin amana. Mai gyaran ya ce fayil ba ya sauya kansa, kuma allo kawai ya taɓa. Bai kalli Yaya ba, ni ya kalla.

Yaya ya yi wata biyu a tsare kafin dattawa su sasanta. An gina makarantar. Har yau idan na gaida Yaya, kai kawai yake ɗagawa. Dattijon ya rufe shago, domin yatsunsa sun daina riƙe sukundireba.

Na ɗauka tunda ban goge komai ba, ban yi laifi ba. Ashe ɓoye gaskiya da kashe ta duk ɗaya ne, kuma wanda bai ji ba bai gani ba shi ke kwana a ciki. Masu ɗan ilimin na'ura, ku ji tsoron Allah da abin da aka ba ku ajiya. Wanda fayil ya ƙi buɗe masa kuma, ya duba ƙarshen sunan kafin ya ɗaga hannu a kan kowa. Na je neman gafara gidan dattijon, ya ce ya yafe, ya miƙo min hannun hagu muka gaisa.