Jana'izar Biraina

A unguwarmu ta Jibiya ba wanda ya taɓa tambayata sau biyu abin da nake yi a jami'a. Sau ɗaya ake tambaya, in ce ina nazarin yadda birai suke tafiya, sai mai tambayar ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya taimaka. A bayan idona Daktan Birai ake ce mini. Yayana kuwa, wanda yake sayar da hatsi a kasuwa, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, a gabana yake faɗa. Yakan ce ya sa ni boko don in dawo da allura, sai na dawo da wutsiya.

Aikin ba shirme ba ne, ko da yake na gaji da faɗar haka. Jan biri, wannan da yake addabar manoman Mazanya da Gangara, ba ɗan bishiya ba ne sosai. A ƙasa yake wuni, kuma in ya zura da gudu kare sai dai ya yi haushi ya koma. Ni abin da nake so in sani shi ne yadda gudun ƙasa yake sauya ƙashin idon sawu da na yatsu. A gabashin Afirka an tono ƙasusuwan waɗansu manyan birai marasa wutsiya na zamanin da can, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Masana suna ta gardama: a kan reshe suka rayu, ko sun fara saukowa? In aka jera ƙafar jan birinmu kusa da tasu aka gwada, za a rage gardamar. Iyakar abin ke nan. Amma da na fara bayani sai wani ya katse ni ya ce wato dai kakanmu biri ne, sai in bar maganar.

Shekara bakwai ina tara ƙasusuwan. Ban taɓa kashe biri ba. Manoma ne suke kashewa in ya shiga musu gyaɗa, maharba su ɗauki abin da za su ɗauka, su ajiye mini hannuwa da ƙafafu, daga gwiwa zuwa ƙasa. Kai da wutsiya ba su cikin aikina, ban taɓa karɓa ba. Sai in sa su a tsohuwar tukunya mai ɓuli in binne a gefen gonar wani dattijo a Gangara, in bar wa tururuwa aikinsu wata uku. In tono, in wanke, in shanya, in rubuta wa kowane ƙashi lamba da tawada. Na birai talatin da ɗaya na haɗa. Kowane biri na naɗe shi daban a cikin farin yadi, don shi ne ba ya zuba kuma ba ya ɓata ƙashi.

A gida ban taɓa faɗa ba. Sun ɗauka zama nake yi a gindin bishiya ina kallon birai da madubin hangen nesa. Na san Inna, mahaifiyarmu. Da ta ji ina wanke mushen biri da hannuna, ba za ta ƙara bari in sa hannu a kwanonta ba. Na zaɓi tuwon Inna, na ɓoye gaskiya. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba.

Daga baya daji ya gagara. 'Yan bindiga suka hana noman nesa, maharban da na sani wasu suka yi hijira, wasu ban san inda suke ba. Dattijon nan na Gangara ya koma gidan 'yarsa a cikin gari. Abin da na tara shi ke nan, ba ƙari.

Na rubuta sakamakon awon da na yi da hannu na aika wa wata mujalla a waje. Suka maido mini, suka ce awon hannu bai isa ba, sai an ɗauki hoton ƙasusuwan da na'urar da take fitar da siffar abu ta kowane gefe. Ina zan gan ta? Ana haka wani abokin aiki da yake koyarwa a Maraɗi ya gaya mini wata farfesa za ta zo musu da irin na'urar, har da kwafin waɗancan tsofaffin ƙasusuwan, za ta yi mako biyar. Ya ce in kawo nawa. Maraɗi fa, wadda muke zuwa biki mu dawo a wuni.

Sai dai a lokacin boda a rufe take. Manyan motoci sun yi layi har tayoyinsu sun sace, albasa tana ruɓewa a cikinsu. Masu kabu-kabu ne kawai suke bi ta hanyoyin gona. Ni ma'aikacin gwamnati ne, in aka kama ni a ɓarauniyar hanya aikina ya tafi. Ga jarrabawar ɗalibai ta zo. Sai na jera ƙasusuwan a akwati na kawo gida, na sa takardar jami'a a ciki, na roƙi Yaya ya ba wani Bamaraɗe mai babur da ya saba kai masa saƙo. Ya tambaye ni mene ne a ciki. Na ce kayan karatu ne.

Na manta da abin da kowane ɗan Jibiya ya sani: mai fiton kaya ta boda ba ya ɗaura kayan da bai gani da idonsa ba. In duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ko jandarma suka tare shi, wuyansa ne, ba na mai kaya ba.

Mako biyu abokin nan yana cewa bai ga komai ba. In na kira Yaya sai ya ce maganar ba ta waya ba ce, sai na zo. Na yi faɗa, na yi magiya, amsar ɗaya ce. Kafin in gama da takardun jarrabawa an shiga mako na biyar, damina ta yi nisa. Na iso gida da hantsi na sami Yaya a zaure, shi da mai babur ɗin. Ba wanda ya ce Dakta. Mai babur ya ƙi ba ni hannu.

Shi ya ba da labarin, kansa a ƙasa. Ya ce ya buɗe akwatin a bayan rumfar Yaya, ya ga ƙulle-ƙullen farin yadi a jere. Ya kwance ɗaya, sai ga hannu, yatsu biyar, ƙanana. Ya kwance na biyu, haka. Takardar da Turancin Ingilishi take, shi kuma ɗan abin da ya yi a lakwal, makarantar bokon Nijar, Faransanci ne.

"Malam, ni ma ina da ɗiya," ya ce. "Abin da munka gani, hannun yara munka gani, cikin likkafani."

Ya ce darajar Yaya ce ta hana shi kai maganar gaban hukuma. Su biyu suka sami liman a asirce. Liman ya ce ko na wane ne, haƙƙinsu ƙasa ce. Ranar kasuwa, gari duk ya tafi can, suka kai maƙabarta suka rufe.

Na yi dariya, wallahi, irin wadda ba ta da daɗin ji. Na ciro waya na nuna musu hotuna: ga birin, ga ƙafar, ga lambar da na rubuta. Na ce ko makaho ya shafa ai ya san babban yatsan ƙafar mutum ba ya warewa gefe haka. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa yaya, har jahilci na ambata. Yaya ya bar ni na gama. Sannan ya ce shekara bakwai ina shiga daji a lokacin da yara suke ɓacewa, ina dawowa lafiya lau, ban taɓa cewa ga abin da nake ɗaukowa ba. Na tambaye shi ko da gaske ya zaci zan iya. Ya ce wata guda ke nan yana roƙon Allah ya sa ba haka ba ne. Wannan ta fi ƙasusuwan yi mini ciwo, har yau.

Duk da haka na ce a kai ni. Saura kwana huɗu farfesar ta tafi, kuma wata ɗaya a ƙasa ba ya cin ƙashi. Yaya bai musa ba. Ya ɗauki fartanya muka tafi.

Sun rufe su ne a ɓangaren yara, can ƙuryar gabas. Yaya ya ce ranar su ne ƙarshen layi, ya aza fasasshen tulu a kai don shaida. Muka tarar layin ya wuce nan da nisa, an fara wani. Daminar ta zo da zazzaɓi, ga 'yan gudun hijira cike da gari. Ƙananan kaburbura ne kusan ashirin, tsawonsu ɗaya, ruwa ya kwantar da su, ciyawa ta fito. Kusan kowanne da fasasshen tulu a kansa. Yaya ya yi gaba, ya dawo, ya tsaya a kan wani, ya matsa ga na kusa da shi. Na ga da gaske yake nema. Daga ƙarshe ya nuna guda shida da bakin fartanya, ya ce yana tsakaninsu, amma ba zai rantse a kan ko ɗaya ba.

Wata mata ce ta zo tun kafin mu, daga bakin shinge take tsaye saitin kabari na uku tana kallonmu, da mayafi a baki.

Yaya ya miƙo mini fartanyar.

"Ga ta. Ka zaɓi wanda za ka fara."

Na karɓa. Na riƙe ta na ɗan lokaci, ina duban tudun nan shida ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin da na san ba shi da amsa. Aikina na shekara bakwai yana ƙarƙashin ɗaya, biyar kuma 'ya'yan mutane ne. Na jingine fartanyar a jikin shinge. Yaya ya ɗaga hannu ya fara addu'a ga duk wanda yake kwance a wurin, ni ma na ɗaga nawa na ce amin.