Gidan Baba na hawan ƙasa

Shekarar da lif, na'urar hawa da sauka, a benenmu na Alexandria ya yi ta lalacewa, mu masu doguwar haya muka yi shawarar karɓe kula da ginin daga hannun kamfanin da ke riƙe da shi. Ni aka ɗora wa bin ƙa'idojin, wai don ban daɗe da gama digiri ba. Na karɓa, amma ban sake samun natsuwa ba.

Lauyar da muka ɗauka ta ce sai an fara turo mai awo ta duba ko ginin ya cancanta. Idan na fahimce ta daidai, dole mafi yawansa ya zama wurin kwana. A ƙasa akwai shagon aski da wurin wanki, kuma sun kusa cinye iyakar da aka yarda wa wuraren da ba na kwana ba. Abu kaɗan ya ƙaru, maganar ta mutu.

Tsorona gidan Baba ne, wani dattijo ɗan Damagaram da ya yi ritaya daga aikin rediyo. Ya koma wurin 'yarsa a sama, ya bar nasa na ƙasa a buɗe. Nan muke salla, nan ake raɗin suna. Ba kujera ko ɗaya, sai darduma da butoci. Na ɗauka mai awo na leƙawa za ta rubuta shi wurin taro, ba gidan kwana ba.

Na same shi cikin ladabi, na ce ko za a ɗan kwashe butocin a aro kujeru. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni ban iya shirya ɗaki don a yi ƙarya ba.”

Ranar awon, matar ta cire takalmi ta shiga, ina biye da ita. Ta wuce falon, ta tura ɗakin ciki. Ga gado, ga akwati a buɗe, tukunyar miya na kan wuta, wani likita da ya sauka daga Kano a makon yana gugar riga. Na manta sam cewa duk baƙon da ya zo daga gida nan ake sauke shi har ya sami wuri.

Ta tambayi wa ke zaune a nan. Baba ya ce takardar haya da sunansa take, gadon kuwa bai taɓa yin sanyi ba.

Ta sa shi cikin gidajen kwana. Da sakamakon ya fito ginin ya cancanta, sai da na sa lauyar ta maimaita mini. Baba kuwa aikena ya yi in ɗebo ruwa a butocin, la'asar ta yi.