Tanderun Kawu da na rushe

Shekarun baya, ina sabon buɗe shagon walda a Daura, na koyi haɗa tanderun gas irin na gidajen burodi. Guda biyu kacal na taɓa haɗawa, amma yadda nake ɗaga kafaɗa sai ka rantse ni na ƙirƙiro gas ɗin.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da gidan burodi a Mai'adua. Da tanderun ƙasa yake gashi, wanda mahaifinsu ya gina da hannunsa. Na yi ta yi masa naci har ya yarda in kafa masa na gas, amma da sharaɗi ɗaya.

"Ɗan nan, ka ajiye ƙarfenka a gefe," in ji shi. "Na Baba kuwa kada ka taɓa mini. Ko ban gasa komai a ciki ba, ina son in riƙa ganinsa."

Na ce an gama, Kawu.

Na auna ɗakin tsaf, tsawo da faɗi. Ƙofa ce ban auna ba. Na yi waldar komai a shago, na ɗoro shi dunƙule a a-kori-kura. Da muka isa, muka tarar Kawu ya tafi kasuwa. Muka juya tanderu ta nan, muka juya ta can, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Masu shayin da suka zo sarin burodi suka tsaya kallo, wani ya ce, "Injiniya, ko a shafa masa man gyaɗa?" Aka kwashe da dariya.

Abin da ya dace shi ne in yanke waldar, in shigar da shi gunduwa-gunduwa, in sake haɗawa a ciki. Aikin kwana biyu ne. Kunya ta hana ni. Na karɓi diga na ce ƙofar kawai zan ɗan faɗaɗa. Ashe bangon da tsohon tanderun gini ɗaya ne. Sara na huɗu, rufinsa ya rufta ciki.

Da Kawu ya dawo bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tsuguna ya ɗauki ɓaraguzan ƙasa yana juyawa a tafinsa. Can ya ce, "Naka in ya lalace akwai mai gyara. Maginin wannan yana kabari."

Na haɗa bututu, na bi mahaɗai da ruwan sabulu, babu yoyo, wuta ta kama shuɗiya shar. Burodi ya yi kyau, ciniki ya ƙaru. Kawu dai ya bar wa 'ya'yansa gashi, ya koma zama a benci a waje.

Har yau abin yana ci mini rai. Kuskuren awo kowa na yi, ni girman kai ne ya kai ni ga diga. Sau da yawa na hau babur takanas don in ce ya yafe mini, in na zauna gabansa sai bakina ya yi nauyi. Har Allah ya karɓi abinsa, abin da kawai na iya tambayarsa shi ne, "Kawu, gas ɗin ba ya yoyo dai ko?"