Zannuwan Taiba a Cikin Inji

Duk wanda ya zauna Talata Mafara a shekarun da ake aikin dam ɗin Bakalori ya san Falalu mai wanki, in bai san fuskarsa ba to ya san ƙarar injinsa. Asalinsa manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Maradun. Da ruwan dam ya fara hawa, gonarsa ta fadama na cikin waɗanda suka fara nutsewa, gidan ya biyo baya. Sauran mutanen ƙauyen aka kai su wani tudu mai tsakuwa aka ce su zauna. Shi kuwa ya ɗauki matarsa Taiba ya nufi Mafara, don ya ce ba zai iya wayar gari kullum yana kallon ruwan da ya ci gonarsa ba.

Allah bai ba su haihuwa ba, daga shi sai ita. Suka kama ɗaki a gidan wani mahauci, Alhaji Manu, Taiba ta fara karɓar wankau. Wanda bai taɓa wanke rigar mahauci ba bai san wanki ba. Kitse da jini sai sabulun soda ke fitar da su, shi kuma sabulun soda hannu yake ci. Kafin shekara tafin Taiba ya tsage, yatsun suka yi kanta, in za ta ci tuwo sai ta ɗauki cokali kamar 'yar boko, tana dariyar kanta. Falalu dai bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Shi ya samu aikin wanki da guga a gidan wani Bature injiniya a barikin ma'aikatan dam, a nan ya fara ganin injin wanki. Fari ne, mai ƙofar gilashi zagayayya a gaba, kana kallon kaya suna tuntsura a ciki. Baturen ba ya jin Hausa, Falalu ba ya jin nasa yaren, da hannu da zare ido aka yi karatun. Abu biyu suka zauna masa daram: a lalube kowane aljihu kafin a sa riga, kuma ƙofar nan in ta kulle kanta ba a yi mata dole, sai injin ya zubar da ruwansa ta buɗe don kanta. Da aiki ya ƙare Baturen zai koma ƙasarsu, ya bar masa injin.

A amalanken shanu aka kawo shi gida, an lulluɓe shi da tabarma, jama'a na biye ana tambayar ko firiji ne. Kafa shi ya ci mako biyu. Gidan Alhaji Manu na da lantarki, sai wani mai suna Malami, wanda ke aikin wuta a bariki, ya ja waya zuwa rumfar ƙofar ɗakin Falalu. Famfo babu, don haka aka ɗora duro bisa ginin bulo, aka haɗa tiyo, aka ɗaure bakin duron da ƙyalle saboda yashin ruwa. Ranar gwaji aka ajiye injin a ƙasa tsura. Da ya zo matse kaya sai ya fara rawa, ya taso yana tafiya da kansa ya nufi madafi. Gwaggo Larai, ƙanwar uban Taiba da ta zo kallo daga Bakura, ta zubar da takalmi ta yi zaure tana salati. Washegari Falalu ya yi masa daɓen siminti, ya gwada da kwanon ruwa har ya ga ruwan ya tsaya daidai.

Shekara uku injin nan yana ci da su. Falalu ya riƙe shi kamar jinjiri: ya goge shi safe da yamma, ya bar ƙofar a buɗe ta sha iska, kayan mahauta kuwa sai ya jiƙa su a ruwan zafi ya kankare kitsen kafin su shiga. Hannun Taiba ya warke har ta koma sa lalle. Takan jawo kujera ta zauna gaban gilashin tana kallo, ta ce, "Malam, wanga abu ya hi ni zuciya, bai taɓa cewa ya gaji ba." Shi dai sai ya yi murmushi, don hannun yake kallo.

Ciwon ajali bai ɗauki lokaci ba. Zazzaɓi ne ya kama ta cikin bazara, kwana tara. Ana gobe za ta rasu, da la'asar, ta sa ya matso kusa.

"Malam, tuhwahina," ta ce. "Kak ka bari a raba su nan. Ka wanke su tas, ka kai ma matan garinmu can bisa tudu. Na ga abin da suka ɗaurawa. Ka jiya?"

Ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari. Magana ta ƙarshe mai tsawo da suka yi ke nan.

Bayan addu'ar uku Gwaggo Larai ta tattara zannuwan, goma sha ɗaya har da baƙin saƙi na aurenta, ta ce a kawo ƙwarya mata su wanke, haka aka saba. Falalu ya hana. Ya ce macen da sabulu ya ci wa hannu, ba za a ci hannun wata a kan kayanta ba. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kayan mamaci hannu aka sa musu. Amma kai ka sani." Aka tsayar ranar addu'ar bakwai za a kai su tudu, aka aika wa matan.

Mutumin da bai taɓa sa riga a inji bai lalube ta ba, ranar nan ya kwashi zannuwan ya zuba gaba ɗaya, don zane ba shi da aljihu. Ya manta aljihun mace a bakin zanenta yake, inda take ƙulle abin da ba ta so ya ɓace. Injin ya sha ruwa, ya yi wanki lafiya, da ya zo zubarwa sai ya yi wani gurnani ya tsaya. Ruwa ya tsaya a rabin gilashi, ƙofa a kulle.

Falalu ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, shiru. Malami kaɗai ya san cikin injin nan, ga shi ya koma aiki Sakkwato. Aka ba direban motar kasuwa saƙo, ya dawo da amsa cewa yana nan tafe jibi. Gwaggo ta ce a fasa gilashin a fitar da kaya. Falalu ya ce a yi haƙuri, ba a yi wa ƙofar nan dole, kuma in an fasa babu inda za a samo wata. Gaskiya ce ya faɗa, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsoro yake ji. Ya rasa gona, ya rasa gida, ya rasa Taiba, abin nan kaɗai ya rage masa, ya kasa ɗaga masa hannu.

Jibi ta zo, Malami bai zo ba. Zafin bazara ya dafa rumfar. Falalu yakan tsuguna gaban gilashin yana kallon ruwan yana sauya launi, daga fari zuwa toka, daga toka zuwa shuɗi mai duhu, don baƙin saƙin ya fara zuba. Masu zuwa gaisuwa su tarar da shi nan, su yi masa ta'aziyya yana amsawa ido na kan gilashi. Ranar bakwai ta zo ta wuce. Matan tudu suka aiko tambaya ko lafiya, aka ce su ƙara haƙuri. A kwana na shida da kullewar ƙofar wari ya fara fitowa ta tiyo. Bayan sallar asuba Falalu ya shiga madafi ya ɗauko taɓarya, ya rufe ido ya kai wa gilashin duka.

Ruwan da ya kwararo baƙi ne mai ɗoyi. Gwaggo ta riƙa zaro zannuwan ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗawa a tsakar gida. Atamfofin duk sun rine, fumfuna ta bi su tabo-tabo, tsofaffin cikinsu da ta ɗaga sai suka rabe a hannunta. Falalu ya kwashe su ya tafi bakin ruwa, ya wuni yana cuɗa yana ɗauraya har fatar hannunsa ta saɓule. Warin ya ragu, tabon bai fita ba.

Da yamma ya dawo ya ajiye su gaban Gwaggo, ya ce ko za a iya zaɓen na zaɓe. Ta juya su a hankali ɗaya bayan ɗaya.

"Falalu, ba a sadaka da abin da kai ma ba ka iya ɗaurawa," ta ce. "Ko guda babu."

Ya ce to zai je kasuwa ranar Talata ya sayo sababbi ya kai musu.

"Ka saya, lada ce. Amma ba su ta ce ba. Nata ta ce."

A nan ne ya yi kuka, wanda bai yi a maƙabarta ba. Ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙun zannuwa yana kuka da murya, har matan gidan suka shige ɗaki don kunya. Alkawari ɗaya ta roƙe shi a duk zamansu, ya tsaya tausayin ƙarfe har ya saɓa.

Malami ya iso bayan kwana biyu da jakar kayan aikinsa, yana ba da haƙuri, aiki ne ya riƙe shi. Ya dubi fasasshiyar ƙofa ya girgiza kai. Sai ya durƙusa, ya ɓalle wani ɗan murfi a can ƙasan injin wanda Falalu ya shekara uku yana gogewa bai san yana buɗuwa ba. Ya murɗa wani abu, sauran ruwa ya tsiyaye, ya sa yatsa biyu ya zaro abin da ya toshe hanya.

"Da nan kab buɗe, da ruwa sun hita, ƙohwa ta saki da kanta," in ji shi. "Aikin minti biyar ne. Can bariki ba su gwada maka ba?"

Falalu ya ce ba su gwada masa ba.

Malami ya zuba masa abin a tafin hannu. Maɓallai ne guda uku, farare, da ɗan zare a naɗe. Falalu ya gane su nan take, na rigarsa ta Juma'a ne. Sun tsinke kafin ta kwanta, ta tsince su ta ƙulle a bakin zane, tana jiran ta ji sauƙi ta ɗinka masa.

Malami ya ce injin lafiyarsa lau, ƙofa ce kawai, kuma ya san wani matacce irinsa a bayan bariki da za a ciro tasa. Kafin Juma'a zai tashi. Alhaji Manu ma ya sa baki, ya ce sana'a ba a binne ta da mamaci. Falalu ya saurare su har suka gama, hannunsa a dunƙule.

"Na gode, Malami. Cire wayarka."

"Haba Falalu, mi za ka ci?"

"Ina da hannu."

Malami ya cire wayar ya naɗe. Falalu ya shekara goma sha tara bayan nan yana wanki a bakin ruwa da sabulun soda, bai sake aure ba. Ya sayi sababbin atamfofi ya ba Gwaggo ta kai tudu, amma shi har ya mutu bai taka garin ba. Ya ce bai san da wane ido zai dubi matan ba in suka tambaye shi ina kayan Taiba.