Kwanon Innata da Masu Shuɗiyar Riga

Shin lissafi ne ya kai kwanon innata saman kwabar jeren kwanukana, ko kuwa Malam ne ya so ya faranta mini rai kafin ya tafi? Na tambayi ɗiyata, wadda ke rubuta wannan magana da nake faɗi, ta duba waya ta ce ita ba ta san yadda babanta yake auna abin ba, a kansa yake yi. Na tambayi abokinsa na masallaci, ya ce shi ko ƙwallon ƙafa bai sani ba, balle ta kwando. Idan na tuna sai in yi kuka, wani lokaci kukan bai ƙare ba dariya ta zo.

Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa. A ofishin gona na nan Illela ya yi aiki har ya yi ritaya. Aikinsa auna ruwan sama da ƙiyasta amfanin gona, yau yana Araba, gobe yana Darna. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Ya ce saboda tsawon nan aka sa shi ƙwallon kwando lokacin yana makaranta a Sakkwato, wadda ake jefawa da hannu cikin raga a sama. Ni ban taɓa ganinta ba sai da ɗiyarmu ta kawo masa babbar waya. Can ƙasar waje ake wasan muna barci, shi kuma da ya dawo daga sallar asuba sai ya je ya tsaya jikin garken awaki yana duba sakamako, don nan kaɗai wayar ke kama layinmu. Ko'ina cikin gidan na Nijar take ɗauka.

Ana fara gasar ne bayan an gama yankan gero. Abin da ya fi so kuwa shi ne ya jera ƙungiyoyin tun wasa bai yi nisa ba, ya ce wannan ta fi wannan. Wata rana ya miƙo mini wayar yana so in gani.

Na ce, "Malam, ni tururuwa kawai nika gani."

Sai ya ɗaga kai ya dubi kwabata. A nan jerena yake, kwanukan da aka kawo ni da su daga Amarawa da waɗanda na ƙara daga baya, manya a bayansu, ƙanana a gaba, kowane da murfinsa. Ya ce in ara masa su. Na ɗauka wasa yake yi. Kafin in sauke tukunya ya kwashe su duka a kan tabarma, yana duba launin rigar kowace ƙungiya yana ba ta kwanon da ya yi kama da ita. Ƙungiyoyin sun fi kwanukana yawa, ya haɗa da butar shayi da faranti biyu. Sai ya mayar da su cikin kwaba, wadda ta fi ƙarfi a hawan sama, haka har ƙasa.

Da ya gama na duba, sai na ga kwanon innata a hawan ƙasa, can ƙarshe, daf da daɓe. Shuɗi ne, bakinsa ya ɗan ɓare, a ciki take dama mana fura muna yara. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan a sama yake.

"Mi kwanon Inna ya yi maka?"

"Bai yi mini komi ba, Hajiya. Masu shuɗiyar riga ne ba su iya wasa ba. Ana ta zuba musu ƙwallo kamar ana cika rumbu."

"To ka ba su butar shayi mana."

"Butar shayi ja ce. Kina so in yi ƙarya a cikin gidana?"

Daga ranar na zama mai goyon bayan mutanen da ban san garinsu ba. Kowace Juma'a, in ya dawo masallaci ya ci abinci, sai ya tsaya gaban kwaba da waya a hannu ya sake jere, ni kuma ina zaune bakin gado ina gadin kwanona da ido.

Ƙawata da ke zuwa daga Ƙonni ranar kasuwa ta shigo ta ga babbar fanteka a ƙarƙashin ɗan kwanon miya, buta a tsakiyar kwanukan langa. Ta riƙe baki ta ce, "Ke, lafiya? Ɓarawo ya shigo ko aljani?" Na ce mai gidan ne. Ta ce ita da mijinta ya taɓa mata jere, da a zaure zai kwana. Malam yana jin mu daga tsakar gida, ya ce ta bar murna, koren kwanon da ta ba ni gudummawa ma ya kusa faɗowa.

Ana nan sai masu shuɗi suka fara ci. Suka ci, suka sake ci, suka ƙara. Ranar Juma'a na goge kwanon har yana ƙyalli, na yi masa tuwo da miyar yakuwa wadda yake so. Ya cinye tas, ya wanke hannu, ya matsar da kwanon daga ƙarshe zuwa na kusa da ƙarshe.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce ba ci kaɗai ake dubawa ba. Wa suka ci? Raunana ne irinsu. Da tazarar me? Da ƙyar. A ina? A gidansu, mutanensu suna yi musu ihu. Ya ce ya sha ganin manomi ya yi shuka da ruwan farko don ɗoki, kwana kaɗan rana ta ƙone ta, shi ya sa wasannin farko ba ya ba su nauyi sosai.

"To in ba ka yarda da su ba, don mi kake wahalar mini da kwanuka?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai daɗin ke nan, ka faɗa tun da wuri, ka ga ko za ka ji kunya.

Sannu a hankali na koyi tambayoyinsa. In ya shigo daga garke da safe, kafin in ba shi koko sai in ce, "A gida ko a waje?" In ya ce a waje suka ci, in ƙara masa ƙosai. Har na gano cewa babban ɗan wasansu yana jinyar ƙafa lokacin da ake ta cin su, na ce a cire waɗannan daga lissafi. Ya ce ba a cirewa, amma zai rage musu nauyi. A wannan shekarar kwanon ya kai hawa na tsakiya ya tsaya. Shekarar da ta biyo ya sake faɗowa, muka yi kwana biyu ina ba shi fura a kofin roba.

Bara ne ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Bai iya zuwa garke, sai in kai wayar can in ɗaga ta sama yadda ya nuna mini, in dawo masa da ita. Gasar ba ta daɗe da farawa ba. Masu shuɗi suna ci, wani lokaci a ci su, kwanon yana hawa na biyu daga sama, wurin da bai taɓa kaiwa ba. Ni kuwa a lokacin ba ta kwano nake ba.

Ranar da ɗiyarmu ta zo da mota za a kai shi asibiti Sakkwato, Laraba ce, ba ranar jere ba. An sa masa riga, an zaunar da shi bakin gado. Aka ce in zauna gida in bi su washegari da kaya, ban kuwa same shi da rai ba. Ya ce a ba shi waya. Ya daɗe yana kallonta, leɓensa na motsi kamar yadda yake yi in yana lissafi. Sai ya ce in sauke jar langar da ke kan gaba, in sa kwanon Inna a wurinta.

Na ce, "Malam, da gaske ko don ni?"

Sai aka shiga kiransa daga ƙofar gida. Hawan sama ya fi ƙarfina, shi ne kullum yake miƙa hannu. Na jawo kujerar tsakar gida na ɗora ƙafa, kwanon a hannuna, hawaye sun hana ni ganin wurin sosai. An riƙo shi an kai shi bakin ƙofa, ya sunkuya zai fita, sai ya waiwayo.

"Hau a hankali, Hajiya. Kar ki faɗo ki ɓata mini lissafi."